Na Mai Kuɗi Ne, Ko Na Mai Hannu?

Yau na zo muku da wata magana wadda ta hana ni barci. Ku karanta sannu a hankali. Wanda ya gama, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Ga tambayar. In ka sa mutum aiki, ka biya shi, ba ku rubuta komi ba, aikin na wane ne? Za ku ce, "Haba Malam, wannan ai ba tambaya ba ce. Na wanda ya biya ne." Ni ma haka na ce da farko. To, ku saurara.

A garin da nake koyar da karatun manya, tsakanin Tasawa da Mayahi, akwai wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi sunan garin ba. Yana sayen gero da wake da gujiya a kasuwannin ƙauye, yana kaiwa Maraɗi. Da damina yakan ba manoma bashi, su biya da kaka. Bana ya shiga ajinmu, da furfurarsa, yana koyon baƙi. Kafin nan lissafinsa duk a ka yake, sai ɗan abin da yaron shagonsa ke rubutawa a littafi. Littafi ɗaya ruwa ya jiƙa shi. Ɗaya kuwa gara ta cinye rabinsa.

Akwai kuma wani saurayi, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya yi karatu a Maraɗi ya koyo aikin kwamfuta. Ba shi da aikin albashi. Wanda ya kira shi, ya je, kamar magini ko mai gyaran rediyo. Wata rana Alhaji ya ce masa, "Kai yaro, an ce injin nan naku ba ya mantuwa. Ka yi mini abin da zai riƙe mini lissafi." Saurayi ya durƙusa ya ce, "To, Baba." Suka yi ciniki a zaure, jaka 150. Aka ba shi jaka 100, saura sai kaka. Ba takarda, ba shaida, sai yaron shago da ke fifita gawayin shayi.

Bari in bayyana abin da ya yi, don kada wani ya ɓace a hanya. Kwamfuta, da wayar salula da ke aljihunka, ba su san komi da kansu ba. Sai an rubuta musu umurni, layi bayan layi. In an sa sunan mutum, ki ajiye shi nan. In an sa tiya 40, ki tara da na jiya. In ya biya, ki rage. Wannan tarin umurni shi ake kira manhaja. Rubutu ne, amma ba da Hausa ba, ba da Faransanci ba, da wani harshe ne na masu wannan sana'a. Manhaja kuma fuska biyu gare ta. Akwai wadda kake gani a gilashi kana dannawa. Akwai rubutun asali, wanda mai aikin ya tsara da hannunsa. Wanda ke riƙe da rubutun asali shi ke iya gyara, shi ke iya ƙari. Wanda ba shi da shi, sai dai ya yi amfani da abin yadda ya same shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Saurayi ya yi wata 3 yana aiki. Abu ya yi kyau. Ka danna sunan mutum, ka ga tiyar da ya ɗauka, da ranar da ya ɗauka, da abin da ya rage. Alhaji ya ji daɗi, har yana kiran abokansa su zo su gani.

Daga nan ne igiya ta fara harɗewa. Alhaji yana da ƙane a Mayahi, shi ma hatsi yake saye. Ya ga abin, ya yaba. Alhaji ya ce, "Ai namu ne, ɗauki." Aka kira wani mai gyaran waya ya kwafe masa, cikin ɗan lokaci kaɗan. Saurayi bai sani ba. Shi ma saurayin, a nasa ɓangaren, ya ɗauki rubutun asali, ya sauya suna da launi, ya sayar wa wani ɗan kasuwa. Wannan ɗan kasuwa kuwa shi ne babban abokin gasar Alhaji, rumfarsu na kallon juna. Alhaji bai sani ba. Kaka ta zo, jaka 50 ba ta fito ba. "Gobe, yaro." "Jibi, yaro." Sai wata safiya Alhaji ya kunna kwamfuta, ta ƙi buɗewa. Tana neman lambar sirri. Ta Mayahi ma haka. Ashe tun ranar farko saurayi ya ɓoye mata wa'adi a ciki. In ranar ta zo ba a sa lambar ba, sai ta rufe. A tsakiyar kaka ke nan, manoma na kawo gero, Alhaji bai san wa ya biya ba, wa bai biya ba.

Su biyun suka zo wurina, kowa da lokacinsa. Alhaji ya ce, "Malam, kuɗina na sa. Abin da na saya nawa ne. In na sayi akuya, sai na nemi izini kafin in ba ƙanena? Kuma yaron da aka haifa a gabana shi zai kulle mini dukiya?" Saurayi ya ce, "Malam, aiki ya biya, bai sayi kaina ba. Aikin ma bai gama biya ba. In ban kulle ba, wa zai karɓar mini haƙƙina? Ni zan kai Baba gaban sarki?"

To, kai mai karatu, ajiye takardar nan ka yi tunani kaɗan. Wa ke da gaskiya?

Mu fara da abin da muka sani. Ka kira magini ya gina maka rumbu. Ka biya shi. Rumbu naka ne, ba gardama. Gobe maginin nan ya tafi gidan maƙwabcinka, ya gina masa irin naka sak. Za ka kai ƙara? A'a. Ka sayi rumbu, ba ka sayi gwanintarsa ba. Gwaninta a hannunsa take, da ita ya zo, da ita zai koma gida. Haka maƙeri, haka tela, haka mata masu saƙar tabarma da kabar Gulbin Kaba. Wadda ta saƙa maka tabarma mai zane, za ta saƙa wa wani mai wannan zanen. A kan wannan, saurayi yana da ƙafar tsayawa. Dabarar tara lissafi da ragewa ba a zauren Alhaji ya koyo ta ba. In aka ce kada ya sake amfani da ita, an ce kada ya sake cin abinci da sana'arsa.

Amma ga inda manhaja ta saɓa da rumbu. In ƙanenka na son rumbu, dole ya kira magini, ya biya shi. Ba ya iya ɗaukar hoton naka ya zuba gero a ciki. Manhaja kuwa, wanda bai iya komi ba yana iya kwafe ta. Kamar ɗiban wuta ce a gidan maƙwabta: ka ɗebi garwashi, murhunsu bai mutu ba. Shi ya sa Alhaji ke cewa, "Me na rage masa?" Gaskiya ne, bai rage masa komi a hannu ba. Amma ya rage masa ciniki guda. In kowane mai saye ya ba ƙanensa, ƙane ya ba surukinsa, to daga Tasawa har Damagaram kowa zai samu, mai aikin kuwa sau ɗaya aka biya shi. Mawaƙanmu sun sha wannan tun zamanin kaset. Waƙarsu na tashi a kowace tasha, su kuwa ko kuɗin goro ba su gani ba. Misalin akuya bai zauna ba, Alhaji. In ka ba ƙanenka akuya, kai ka rasa ta. Nan kuwa kai kana da ita, shi yana da ita.

Me doka ta ce? A 1977 ƙasashen Afirka da dama suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Bangi, a kan haƙƙin masu ƙirƙira. Nijar na ciki. Hukumar da ke kula da ita ana kiranta OAPI, mazauninta a Yawunde ta ƙasar Kamaru, ƙasashe 17 ke cikinta. An sake gyara yarjejeniyar a 1999 da 2015. A nan gida kuma akwai dokar haƙƙin mawallafa ta 2010, akwai ofishin BNDA a Yamai mai kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta. A wannan tsari, manhaja a layin littafi da waƙa take. Wanda ya ƙirƙira shi ne mai haƙƙi na farko. In zai sallama haƙƙin ga wani, ana son a rubuta.

Kada ku zaci mu kaɗai ke faɗawa wannan rami don ƙarancin karatu. A Amurka, a jihar Niyok, an yi irin wannan shari'a. Wani mutum mai suna Bonelli yana da kantuna, yana sayar da kayan tafkin wanka na cikin gida. (Mu da ke jan ruwa da shanu a rijiya mai zurfi, sai mu ce Allah mai iko. Amma wannan wata magana ce.) Ya kira wani masanin kwamfuta mai suna Aymes, ya rubuta masa manhajar lissafin kantunan, daga 1980 zuwa 1982. Su ma ba su rubuta wa ke da ita ba. Suka ɓata. A 1985 Aymes ya kai ƙara. A 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta ce Aymes ba ma'aikacin kamfanin ba ne, mai zaman kansa ne. Dalili, aikin na gwaninta ne, kuma kamfanin bai biya masa harajin albashi da sauran abin da ake yi wa ma'aikaci ba. Don haka biyan kuɗi kaɗai bai mai da haƙƙin manhajar na kamfani ba. Amma shari'a ba ta ƙare nan ba. A 1995 kotun ta sake zama, ta ce kamfanin da ya biya yana da ikon amfani da tasa, har ya gyara ta don aikin kantunansa. Shekara 10 ana hawa da sauka. Duk kuwa mutane ne masu karatu, alƙalami na aljihunsu.

Kun ga dai alƙalan can sun raba abin biyu, kamar yadda muka raba rumbu da gwaninta. Mai biya ya yi aikinsa da abin da ya biya. Mai ƙirƙira ya riƙe ƙirƙirarsa.

Da a nan magana ta tsaya, da na yi barcina. Abin da ya dame ni shi ne kullewar nan. Ku ba ni dama in daɗe a kanta, don ku kun fi kowa sanin zafinta.

Ku tuna kafin ku shiga aji. Ɗanka ya tafi ci-rani Legas ko Agadas. Ya aiko da wasiƙa, ko saƙo a waya. Ka riƙe, kana juyawa, kamar ka riƙe dutse. Sai ka nemi mai karanta maka. Ya karanta. Ya san nawa aka aiko. Ya san maganar auren da ba ku so a ji ba tukuna. Ya san bashin da ke kanka. In mutumin kirki ne, ya karanta ya manta. In ba na kirki ba ne, kafin magariba an ji a bakin rijiya. Wani ma ya karanta maka rabi ya haɗiye rabi, kai ba ka da hanyar ganewa. Da yawanku wannan ne ya kawo ku aji, kun faɗa mini da bakinku.

To, mai rubuta manhaja shi ne mai karanta wasiƙar zamanin nan. A gabansa dukanmu marasa karatu ne, har da ni da na yi makarantar horon malamai. Ban iya karanta rubutun asali ba, ko layi ɗaya. In ya ce abu kaza ke ciki, sai in yarda. In ya ɓoye wa'adi a ciki, ba ni da idon gani. Mutumin da ke cikin wannan matsayi, ba aiki kaɗai aka ba shi ba. An ba shi amana.

Ku duba kuma abin da ya kulle. Manhaja tasa ce, mun yarda. Amma sunayen da ke ciki fa? Tiyar gero da Malam wane ya ci da damina, da wadda gwauruwa wance ta biya rabi? Wannan ba saurayi ya ƙirƙira ba. Na Alhaji ne, kuma na manoman da asirinsu ke ciki ne. Ka ce magini yana bin ka jaka 5. Ya zo da dare ya liƙe bakin rumbun da laka, geronka na ciki, iyalinka na jiran tuwo. Bashinsa gaskiya ne. Amma geron ba nasa ba ne. A kwanakin da kwamfutar ke rufe, wani manomi ya rantse ya biya, yaron shago ya rantse bai biya ba. Sun kusa dambe. Wannan manomi me ya yi wa saurayi?

Da a zaure, ranar ciniki, saurayi ya ce, "Baba, zan sa mata wa'adi, in an cika kuɗi in buɗe," da ban ga laifinsa sosai ba. Alhaji ya yarda ko ya ƙi, da idonsa buɗe. Masu sayar da fitilar hasken rana bashi haka suke yi, in ba ka biya ba ta ɗauke, amma tun farko sun faɗa maka. Laifin saurayi shi ne ɓoyewa. Ya san abin da Alhaji bai sani ba, ya yi shiru, ya ajiye shirun nan kamar wuƙa a ƙugu. Haka maganar rubutun asali. Ya san akwai shi, ya san wanda ke riƙe da shi shi ke riƙe da linzami. Alhaji ko sunansa bai taɓa ji ba. Yaya mutum zai yi cinikin abin da bai san akwai shi ba?

Na tambaye shi kuma, "Ɗan'uwa, da ka sayar wa na rumfar gaba, ka goge sunayen mutanen Alhaji da farashinsa?" Ya ce ya goge. Na yarda da shi, don na san gidansu. Amma ku lura, yarda kawai na yi. Ba ni da hanyar dubawa.

Kada Alhaji ya yi murna, nasa na nan tafe. Shi ma ya san abin da yaron bai sani ba. Shekara 30 yana ciniki. Ya san abin da "sai kaka" ke nufi in babba ya faɗa wa ƙarami. Ya san yaron nan ba zai iya tsayawa a gabansa ya ce "Baba, biya ni" sau uku ba. Ya san ba zai iya cewa "Baba, mu rubuta" ba, don a wurinmu wannan kamar ka ce wa dattijo ba ka yarda da shi ba ne. Kunyar yaron ita ce Alhaji ya jingina a kai. Shi ma shiru ne, shi ma wuƙa ce. A ganina, inda babba da ƙarami ke ciniki, babba ne ya kamata ya fara cewa a kawo takarda. In daga bakinsa ta fito, ba wanda zai ce raini ne.

Kuma rubuta alkawari ba baƙon abu ba ne da Nasara ya kawo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Alhaji ya fi ni saninta. A maganar gona ma mun koya da wuya. Kakanni sun ara wa juna gona da baki, jikoki suna shari'a yau, wannan na cewa aro, wancan na cewa kyauta. Shi ya sa dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, don a rubuta saye da aro da jingina. Matan asusun Mata Masu Dubara, da aka fara a nan jihar Maraɗi a 1991, ba su zuba kuɗi a ɓoye, sai a gaban kowa. Ba don suna zargin juna ba ne.

Wani zai ce, "Malam, takarda ba ta hana mugu mugunta." Haka ne. Na ga mai takarda ya ci amanar marar takarda, kun gani ku ma. Amma waɗannan biyu ba miyagu ba ne. Ranar ciniki kowa da abin da ke ransa. Alhaji na ganin ya sayi akuya. Saurayi na ganin ya gina rumbu. Suka yi musabaha, kowa na murna, alhali ciniki biyu suka yi, ba ɗaya ba. Da an zauna rubutawa, dole a tambayi, "Me za mu rubuta?" Nan take da an gane ba abu ɗaya suke nufi ba, tun shayi bai huce ba.

Ga yadda muka yi. Na ce wa saurayi ya buɗe tukuna, ba sharaɗi, don manoma. Ya yi gardama kwana biyu, mahaifiyarsa ta sa baki, ya buɗe. Sannan muka taru a zauren maigari, da liman. Alhaji ya ƙirga jaka 50 ya miƙa. Aka kawo takarda, muka rubuta da Hausa, don kowa ya karanta da kansa. Muka ce Alhaji zai yi amfani da manhaja a shagonsa muddin yana so, ba wa'adi, ba kulle. Sunaye da lissafin da ke ciki nasa ne, saurayi ba zai nuna wa kowa ba. Saurayi na da ikon sayar da manhajarsa ga wasu. A nan Alhaji ya ɗaga murya, ya ce ban da kasuwar da yake ci. Aka ja, aka ja, aka tsaya a kan cewa wanda aka riga aka sayar wa ya riƙe, amma ba ƙari a wannan kasuwa har shekara 2.

Liman ne ya yi tambayar da ba ta zo mini ba. Ya ce, "In yaron nan ya tafi ci-rani, ko Allah ya yi masa rasuwa, abin ya lalace, wa zai gyara?" Zaure ya yi tsit. Daga baya aka yarda a sa rubutun asali a katin waya, a rufe a ambulan, a ajiye wurin maigari. Ba mai buɗewa sai in an nemi saurayi an rasa. Alhaji ya karɓi alƙalami. Ya daɗe yana jan baƙaƙen sunansa, amma bai dangwala yatsa ba.

Saura ƙanen Alhaji na Mayahi. Tasa kwamfutar na nan a rufe. An aika masa ya zo a yi magana, ya aiko cewa shi bai yi ciniki da kowa ba, kyauta yayansa ya ba shi, kuma ba a bin kyauta bashi. Saurayi ya ce in ya buɗe masa, to ya yi aikin banza. Alhaji ya ce shi ba zai biya sau biyu ba. Lissafin manoman can kuwa na ciki. Ranar kasuwa mai zuwa ni da liman za mu hau mota mu je mu same shi. Wanda ke da shawarar abin da za mu faɗa masa, ya rubuto da hannunsa, ya ba malamin ajinsu ya aiko mana.